Wai zaɓen wakilai ma daga Girkawa aka gaje shi?

Ɗalibin Siyasa: Assalamu alaikum. Ana cewa dimokuraɗiyya daga Atina, birnin Girkawa, ta samo asali. To zaɓen 'yan majalisa ma daga can yake?

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam. A'a, ɗan'uwa. Bayan gyaran da Kilistenis, wani ɗan siyasar Atina, ya yi wa tsarin mulki a wajajen shekara ta 508 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), an raba 'yan ƙasa ƙabilu 10, kowace ta ba da mutum 50 zuwa majalisar mutum 500. Ta ƙuri'ar sa'a ake fitar da su, wa'adin shekara ɗaya, kuma ba mai yi fiye da sau biyu a rayuwarsa. Aikinsu tsara abin da za a tattauna. Yanke hukunci na babban taron 'yan ƙasa ne, da ɗaga hannu. Janar-janar 10 kam zaɓensu ake yi, domin yaƙi sai gwani. Mata da bayi da baƙi ba su da ta cewa, kuma wannan babban giɓi ne.

Hajiya Lauya: Haka ne, Malam. Illar taron kai tsaye ita ce ba mai taka wa fushin jama'a birki. A 406 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), bayan yaƙin ruwa na Arginusai, taron ya yanke wa janar-janar hukuncin kisa a ƙuri'a ɗaya, ba a yi wa kowa shari'arsa daban ba, aka kashe shida. Tsoron irin wannan na cikin abin da ya sa masu rubuta tsarin mulkin Amurka a 1787 suka zaɓi wakilai da majalisu biyu.

Ɗan Damagaram: Amma fa ƙuri'ar sa'a ta dawo. A 2016 ƙasar Ayalan ta zaƙulo 'yan ƙasa 99 ta wannan hanya suka tattauna dokar zubar da ciki, shawararsu ta kai ga zaɓen raba gardama a 2018.