Lada ko alawus: me ke riƙe masu jinyar ƙanjamau a gida?

Malam, shugaban ƙungiyar unguwa: Ni dai ina kan bakana. Wanda ya shigo jinyar masu ƙanjamau don Allah, rashin alawus ba ya korarsa. Ku dubi TASO, ƙungiyar tallafa wa masu ƙanjamau ta Uganda, wadda Noerine Kaleeba da abokanta suka kafa a 1987 bayan cutar ta ɗauke mijinta. Zafin rashi ne ya tara su.

Hajiya, mai aikin sa kai: Allah ya gafarta Malam, lada muna sonsa, shi ya fito da mu. Amma yawancinmu mata ne marasa albashi, wasu zawarawa, wasu ma suna ɗauke da ƙwayar cutar. Ka je gida ka tarar da mara lafiya ya ƙi shan magani saboda tun jiya bai sa komai a ciki ba. Ya za ka yi? Kuɗin cefanenka za ka kunce ka saya masa koko. Ga kuɗin mota, ga safar hannu da kan ƙare, ga maƙwabta suna nuna ka da baki. Waɗanda aka horar da mu tare suka bari, wallahi ba imaninsu ne ya ragu ba, aljihunsu ne ya gaza.

Sista, ma'aikaciyar jinya: Hajiya ta yi gaskiya. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aikin lafiya na dole ba zai ɗore a kan sa kai ba, a 2018 kuma ta ba da shawarar a riƙa biyan ma'aikatan lafiya na cikin al'umma daidai nauyin aikinsu. Sai dai na ga masu karɓar alawus sun tafi don babu mai leƙo su ko jin damuwarsu bayan sun yi rashin wanda suke jinya.

Malam: To Sista, da Amurka ta dakatar da tallafin da take bai wa ƙasashen waje a Janairun 2025, su wa suka ci gaba da zagaya gidaje a unguwarmu? Ba irin su Hajiya ba?

Hajiya: Mu ne, Malam. Amma da ƙafa na riƙa zuwa, kuma gidaje biyu masu nisa sai da na daina kai musu ziyara. Har yau abin yana cina.