Ina kuke ajiye kwalekwale da motar zango a Amurka?

Baban Sadik, kusa da Houston a jihar Texas: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na sayi ƙaramin kwalekwale mai inji don kamun kifi, yana kan tirelarsa a gefen gareji. Sai ga wasiƙa daga ƙungiyar masu gidajen unguwarmu, wadda ake ce wa HOA, wai in ɗauke shi ko su ci ni tara. Gidana ne fa, ni ke biyan bashinsa duk wata. Wanda ya taɓa gamuwa da irin wannan ya ba mu labari.

Maman Hafsa, Houston: Wa alaikumussalam. Malam, je ka tono takardun da ka sa wa hannu ranar sayen gidan, sharuɗɗan suna ciki. Birnin Houston ba shi da dokar raba unguwanni, wato mai tsara abin da za a iya ginawa a kowace unguwa, irin ta sauran manyan birane, sau uku mutanen gari suka ƙi ta a ƙuri'a, a 1948 da 1962 da 1993. Shi ya sa sharuɗɗan da ke manne da takardar fili suke da ƙarfi haka, kuma suna bin gidan ko ya sauya hannu. Mu da motar zango muka sha fama, irin mai ɗakin kwana da kicin. An yarda mu kawo ta ƙofar gida mu loda kaya, amma ba ta zama. Yanzu haya muke biya a wani fili mai shinge a bayan gari. Maigidan yana ta mita, ni kuwa na huta da leƙen maƙwabta.

Ɗan Zariya, Orlando: Yaya, nan Florida lamarin ya ɗan yi sauƙi. A Yulin 2023 dokar jiha ta hana waɗannan ƙungiyoyi takura wa mai gida kan abin da ba a hangowa daga gaban gidan ko daga gidan maƙwabci, kuma ta ambaci kwalekwale da motar zango ƙarara. Nawa yana bayan gida. Matsalar ita ce tsawo: shingena ƙafa 6 ne, rumfar kwalekwalen ta ɗara shi, maƙwabcina yana ganinta daga tagarsa. Sai da na kwance rumfar aka bar ni. Kada dai ka ɗauka dokarmu za ta yi maka aiki a Texas.

Malam na Los Angeles: Mu da hukumar birni muke yi. Mota ba ta wuce awa 72 a wuri ɗaya bakin titi, in ta wuce ana iya janye ta. A titunan da aka kafa allo kuma, duk abin da ya haura ƙafa 22 a tsawo ko ƙafa 7 a tsaye ba ya kwana, daga ƙarfe 2 na dare zuwa 6 na safe. Na taɓa biyan kuɗin janyewa, ban so in tuna.

Kawun Yara, Minnesota: Ku zo ƙasar tafkuna ku ga kwalekwale a gida bayan gida. Unguwarmu ba ta da ƙungiya, ƙaramar hukuma ce ke da ta cewa, kuma abin da ta nema a wurina shi ne ya tsaya kan siminti, kada ya hau ciyawar gaban gida. Da sanyi ya kama sai in nannaɗe shi da leda har ƙanƙara ta narke. Abin da ba a wasa da shi nan shi ne hanya: dole ka zare toshiyar ramin fitar ruwan kwalekwalen kafin ka ja shi a titi, saboda kada a kwashi ƙananan halittun ruwa masu ɓarna daga wani tafki zuwa wani.

Baban Sadik: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Hajiya, na ga sharaɗin, an yarda da shi cikin gareji in ƙofa za ta rufu. Na auna, wuyan tirelar ne ya yi tsawo. An ce akwai mai naɗewa, wa ya taɓa sa shi, kuma nawa ya ci?