Babur ɗin da aka yi acaɓa da shi: a saya ko a bari?

Auta: Assalamu alaikum. Kawu, yayyena, shawara nake nema. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin keke daga Rikkos zuwa makarantar da nake koyarwa a hanyar Bukuru yake cin albashina. Na kwashi adashe, amma sabon babur ya fi ƙarfina, sai na hannu. An nuna mini Boxer guda biyu. Ɗaya na wani mutumin Tilden Fulani ne, shekara 2 yana acaɓa da shi. Ɗayan na wani ma'aikaci ne, fentinsa tas, ya ce ya kai wata 8 a jingine a zaure. Na ma'aikacin ya fi tsada sosai. Wanne zan ɗauka?

Kawu: Wa alaikumus salam. Auta, wannan ba abin jan magana ba ne. Babur ɗin da aka yi acaɓa da shi, ko kyauta aka ba ka, wahala aka ba ka. An riga an tsotse romon, ƙashin ake sayarwa. Ni na taɓa saye tun kafin a hana acaɓa a cikin Jos da Bukuru zamanin Jang. Sati uku ina hawa, ranar da na ɗauko Innarku daga asibiti inji ya buga a Dogon Dutse. Ita a ƙafa, ni ina turawa, ga yayyafi. Abin da na kashe a gyara ya kusa kuɗin sayen. Ka cika kuɗi ka ɗauki na ma'aikacin.

Yaya Mai Keke: Allah ya ƙara girma, Kawu, ku yi mini haƙuri, ban yarda da wannan kuɗin goron ba. Shekara 6 na yi ina acaɓa kafin in koma keke. 'Yan acaɓa iri biyu ne. Akwai wanda babur ɗin nasa ne, da shi yake ciyar da iyali. Wannan duk sati sai ya juye baƙin mai, kullum da safe sai ya duba cen, in ya ji ƙara kaɗan ya tsaya wurin bakanike, don in babur ya kwana bai fita ba, tukunya ma ba za ta hau wuta ba. Akwai kuma yaron da aka ba babur yana kawo balas kullum yamma. Shi ba ruwansa da inji, ya ɗauki mutum uku, ya faɗa rami, ya cika kuɗin oga ya tafi gida. Ina kyautata zaton irin na biyun kuka saya.

Kawu: Ko mai shi ne yake tuƙawa, tafiya dai tafiya ce. Ƙarfe yana cin ƙarfe. Juye mai ba ya mayar da tsoho yaro.

Yaya Mai Keke: Haka ne Kawu, amma ni na ga ma'aikacin da sai ya yi wata huɗu bai juye mai ba, wai ai ofis kawai yake zuwa. Wannan gajeriyar tafiyar a sanyin Jos, inji bai gama ɗaukar zafi ba an kashe shi, ita ma tana da tata ɓarnar.

Baban Hanifa: Yanzu na rufe shago a Dilimi na ga saƙonninku. Kawu, gaskiyarku ce tafiya tana cin inji. Yaya, gaskiyarka ce hannu ya fi hannu. Sai dai Auta ba labarin mai babur zai saya ba, babur zai saya, kuma duk abin da kuke gardama a kai ana iya gani da ido a ji da kunne.

Mitar da ke ƙirga tafiya dai ka manta da ita, yawancinsu an daɗe da cire wayar. Abu na farko, kada ka yarda a kawo maka babur da zafinsa. Dillali yakan zagaya da shi kafin ka iso, domin injin da ya gaji in ya yi zafi yakan tashi bugu ɗaya. Ka je da sassafe ka ɗora tafin hannunka a kan bulon inji. In ka ji ɗumi, ka ce gobe. A nan Allah ya taimake mu, Jos tana kan tudu, sama da mita 1,200, sanyin asubarmu ba ya rufa wa inji asiri. Ka taka kik a hankali da kanka. In ka ji yana turo ƙafarka, akwai sauran ƙarfi a fiston da ringi. In ya sulale ƙasa ba nauyi, an gama da shi.

In ya tashi, ka koma bayan salansa ka sa a murɗa. Boxer na kamfanin Bajaj ne na Indiya, injinsa ba ya ƙona baƙin mai tare da fetur kamar tsohon Jincheng, wanda hayaƙi ɗabi'arsa ce. Saboda haka in ka ga hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana bin Boxer, mai yake sha, sauke inji na nan tafe. Ka zaro ma'aunin mai ka murza a yatsa. Makon jiya aka kawo mini wani da aka saya kwana 5 kacal, da na kwance ƙasan, man da ya fito kauri gare shi kamar zuma. Mai kauri aka ɗura masa don ya danne ƙarar inji. Muna zuba na ƙa'ida sai ga shi yana kaf-kaf-kaf, mai shi ya zauna a kan benci ya riƙe kai. Bashi ya ci ya saya.

Auta: Yaya, mutumin Tilden ya rantse ba a taɓa buɗe injin ba.

Baban Hanifa: Kan notina za su faɗa maka. In sifana ta taɓa cin su za ka ga gefensu ya goge, ka kuma ga gam ya leƙo ta bakin gasket. Kuma buɗe inji ba aibi ba ne in hannu mai kyau ya yi aka sa kaya masu kyau. Wanda ya ce maka ya canza ringi wata kaza a wurin wane, ya fi mini wanda ya rantse.

Na ma'aikacin kuwa, wata 8 a jingine ba hutu ba ne. Fetur yakan lalace ya toshe kafireta, tanki ya yi tsatsa daga ciki, taya ta tsattsage ko da zanenta bai cinye ba, batir ya mutu. Ka haska tocila cikin tankin. Amma in faɗi gaskiya, waɗannan duk sun fi gyaran inji sauƙin kuɗi.

Kawu: To ka ji. Maganata ce ta dawo.

Maman Walid: Duk inji kuke ta yi. Ni ina magana a madadin masu zama a baya, don amaryar Auta ce za ta hau, wata rana da goyo. Babur ɗin maigidanmu na farko na hannu ne, lafiya lau yake tashi, amma daga Unguwar Rogo zuwa Terminus sai in sauka ƙuguna kamar an sare shi. Kowane rami sai na ji shi har tsakar kai. Ina da cikin Walid na daina hawa gaba ɗaya. Auta kuma kullum zai yi Bukuru ya dawo. Ciwon baya ba ya cikin lissafin dillali.

Baban Hanifa: Anti, kin taɓo inda acaɓa ta fi yin ɓarna, a nan kam ina bayan Kawu. Inji ana gyarawa ya dawo, amma jikin da ya sha lodi da wuya ya miƙe. Auta, ka danna bayan babur ɗin da ƙarfi ka saki. In ya taso a hankali ya tsaya, shokozoba na da rai. In ya yi ta rawa, ko ya ƙi motsi kamar kututture, ta mutu. Ka duba ƙafafun gaba ko mai yana tsatstsafowa. Ka leƙa ƙarƙashin sit da wajen kariya, wato ƙarfen ɗora kaya na baya, ka nemi walda. Masu ɗaukar buhunan dankali daga Bokkos da masu jigilar kuza a Barkin Ladi sukan ƙara shokozoba su yi wa kariya walda. Irin wannan yana ɗaukar kaya, amma mutum a kansa kamar yana zaune a kan dutse. Sannan ka sa wani ya tuƙa a miƙe, ka tsaya a baya ka duba ko tayar gaba da ta baya suna bin layi ɗaya. In ba sa bi, ya taɓa faɗuwa mai tsanani, kuma kullum zai riƙa jan ka gefe har kafaɗarka ta gaji.

Yaya Mai Keke: Kuma kada a gwada shi a shimfiɗaɗɗen titi. Ni zan hau baya, ka san nauyina, mu nemi hawa mai tsayi. In giya ta riƙa fita da kanta ko kuloci yana sulɓi, inji na ihu babur ba ya gaba, a nan za mu sani. Giya 4 gare shi, kowacce sai an shiga.

Kawu: Ni ban canza ra'ayi ba, kuma ba zan canza ba. Amma tunda kun dage, ku ji wannan. Kafin a yi maganar kuɗi, a ga rasit na asali, a gwada lambar inji da ta jikin babur da abin da ke takarda, harafi da harafi. In an ga alamar an kankare lamba, ku tashi. A rubuta yarjejeniya, shaidu biyu su sa hannu, mai sayarwa ya zo da wanda ya san gidansa. Babur na sata yana shiga hannu uku kafin ya iso wurin mai tsautsayi, kuma wanda aka kama da shi shi ne ɓarawo a idon hukuma. Ga kame da ake yi a gari saboda dokar acaɓa, malamin makaranta ba shi da abin nunawa sai takardunsa.

Auta: Na gode Kawu, na gode yayyena. Na kira mutumin Tilden yanzu, ya ce shi da kansa yake tuƙawa, keke yake so ya saya shi ya sa zai sayar. Ya yarda ya shigo da shi ranar Juma'a.

Baban Hanifa: Ka ce masa babur ɗin zai kwana a wurinmu, makulli a hannunsa in yana so. Asabar bayan sallar asuba zan zo da sifana da tocila, kada kowa ya taɓa kik kafin in iso.

Kawu: Zauren gidana a buɗe yake. Amma na ma'aikacin ma a kawo shi ya kwana kusa da shi, a tashe su tare a gabana.