Ya zan yi in daina komawa barci bayan asuba?

Ɗan Kurna: Salam 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Ina tsaron shagon yadi a Kantin Kwari, burina in riƙa yin tilawa da safe kafin in fita kasuwa, amma da na dawo masallaci na ce bari in ɗan kishingiɗa shikenan sai rana ta take. Da azumi komai yana tafiya daidai, ana gama shagalin sallah sai abin ya rushe. Wallahi abin yana damuna sosai. Masu iya tsayawa a kan abu ya kuke yi ne?

Baban Khalifa: Ƙanena ƙarfe nawa kake kwanciya? Nan za ka fara dubawa. Mutum ya tashi daga kasuwa ya zarce majalisa, daga nan teburin mai shayi, ya shiga ɗaki kuma ya kama TikTok har ɗayan dare, to da wane idon zai zauna bayan asuba? Ka bar wayar a ɗakin Hajiya ko wajen caji tun bayan isha'i, ka sayi agogo mai ƙararrawa. Kuma kai ɗan kasuwa ne, Annabi (SAW) ya roƙa wa al'ummarsa albarka a sammakonsu, sahabin da ya rawaito hadisin, Sakhru al-Gamidi, ɗan kasuwa ne da yake tura hajarsa da sassafe, har dukiyarsa ta yawaita.

Anti Malama: Ni ina ganin kana ɗaukar abin da yawa ne lokaci ɗaya. Kar ka ce izu biyu, fara da shafi ɗaya, kuma a masallacin kafin ka sa takalmi, don in ka ga katifa magana ta ƙare. Aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne. Akwai wani bincike da aka yi a wata jami'a a Landan a 2009, sun ga kusan kwana 66 ake ɗauka kafin abu ya zame wa mutum jiki, wasu ma har kwana 254, kuma tsallake rana ɗaya ba ya ɓata tafiyar. To in ka makara yau kar ka ce ai an gama.

Mai Adaidaita: Baba gaskiya ka faɗa amma fa a zafin Kano na watan Afrilu ga ba wuta ga sauro, ko ka kwanta ƙarfe goma barcin ba zai zo ba sai wajen sha biyu. Ni bayan azahar nake faka mashin a inuwa in runtsa na minti ashirin, shi yake riƙe ni. Ka samu aboki ɗaya a layinku da za ku riƙa zama tare, in ka gudu zai tambaye ka.

Ɗan Kurna: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maganar waya ta shige ni Baba. Sai dai maigidana yakan kira da daddare in kaya za su iso, ko in nemi ƙaramar waya mai madannai in sa layin a ciki?

Baban Khalifa: Haka za ka yi, ka leƙa kasuwar waya ta Farm Centre gobe in ka tashi.