Sola a kan mota: da azahar batir ya cika, kafin isha'i ya mutu. Wa ya taɓa ganin haka?

Mai Ƙanƙara, Rigasa
Salamu alaikum jama'a. Ina da ƙaramar bas da na cire wa kujerun baya na sa firiza, ina yawo da ƙanƙara da zoɓo daga Rigasa zuwa Kasuwar Barci. A samanta akwai farantin sola mai wat 200, batirin kuma na ruwa ne, 100Ah (ma'aunin yawan wutar da yake ɗauka). Da azahar na'urar caji tana nuna bolt 14.3, layukan batir sun cika taf. Kafin isha'i inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, ta fara kuka, lamba ta faɗo 11.8. Batirin ne ya gaji, ko mitar ce ke min ƙarya?

Direban Tirela
Wa alaikumus salam. Na sha wannan, ɗan uwa. Nawa farantin na kan gidan direba, don fanka da cajin waya in mun kwana a Mararrabar Jos. Na daɗe ina ganin 14 ina murna, sai da wani dattijo mai gyaran wutar mota ya yi min dariya. Ya ce wannan lamba ba ta batir ba ce, ƙarfin da rana ke turawa ne. Kamar madara a kan wuta: ta taso ta cika tukunya, kana saukewa kumfa ta kwanta, sai ka ga ainihin abin da ke ciki.

Mai Wutar Mota, Panteka
Dattijon nan ya gama magana. Malam Mai Ƙanƙara, lambobin naka biyu duk ba su faɗa maka gaskiya ba. 14.3 ɗin lokacin caji ne. 11.8 ɗin kuma firiza na jan wuta, kuma batir kan russuna in an ɗora masa kaya. Ka kashe ta, za ka ga lambar ta ɗan ɗago da kanta.

In kana son sanin abin da ke ciki, sai batir ya huta, ba caji ba kaya, na wasu awoyi. Shi ya sa nake ce wa mutane su auna bayan sallar asuba kafin rana ta fito, kuma a kan batirin kansa, da mitar hannu. Batirin ruwa mai bolt 12 da ya huta, 12.7 ya cika, 12.4 wajen kashi 75 cikin ɗari, 12.2 rabi, 12.0 saura kwata. Dubi yadda tazarar take ƙarama: rabin bolt ne tsakanin cikakke da rabi.

Sannan ga lissafin da masu sayarwa ba su cika yi wa mutum ba. 100Ah sau bolt 12 ya ba ka 1200, wato wat 1200 na awa ɗaya, amma irin wannan batir ba a so a sha fiye da rabinsa, in ba haka ba kwanansa ya ragu. Naka 600 ne ke nan. In firiza da inbata na cin wat 100, awa shida ka gama. Kuma isa 14.4 ba cika ba ne. Daga nan sai ya ƙara awoyi a kan wannan lamba kafin ya ƙoshi. Kai kuwa rana na zubawa, firiza na kwashewa. Ina zargin batirinka ya yi makonni bai cika ba.

Hajiya Mai Abinci, Barnawa
Ni nawa labarin ya sha bamban. Ina kai abincin biki da mota, yarona ya matsa sai da muka sayi na litiyom. Sai na koyi duba lamba kamar yadda Injiniya Mai Wutar Mota ya faɗa, ashe shi wannan ba ya jin wannan karatun. Da safe 13.2, da la'asar 13.2, ina ta cewa albarka. Ranar wani ɗaurin aure, muna hanyar Zariya, kawai komai ya ɗauke ɗif, naman da ke cikin firiji ya kusa lalacewa. Ashe haka yake, lambarsa kusan a tsaye take har sai ya zo gargara, sannan na'urar da ke cikinsa ta yanke wuta don ta kare shi. Yanzu mun sa mitar da ke ƙirga wutar da ta shiga da wadda ta fita, ita ke nuna min kashi nawa ya rage. Ita ma in an daɗe ba a cika batirin ba sai lissafinta ya kauce.

Mai Cajin Waya, Kawo
Ba wanda ya ambaci ƙura. Da hunturu in ban goge faranti kullum ba, da idona nake ganin bambanci. Kuma Malam, ina kake ajiye motar? In a gindin darbejiya kake fakewa, inuwar reshe ɗaya ta isa ta rage maka wuta sosai. Watan Agusta kuwa sai haƙuri, hadari ne kullum.

Direban Tirela
Abu ɗaya na manta: kada ka kuskura ka haɗa firiza da batirin tayar da mota. Na taɓa yi da fanka, da safe sai da aka nemo min wani batir.

Mai Ƙanƙara, Rigasa
Allah ya saka da alheri. Jiya na kashe komai tun magariba, yau da asuba na auna: 12.1. Wato ko kafin dare ya yi ban kai rabi ba. Na buɗe murafan kuma, gida biyu ruwansu ya ja baya har ƙarfen ciki ya fito. Maganar darbejiya kuwa, Mai Cajin Waya, kamar kana bina a baya. Injiniya, in ƙara masa asid ne?

Mai Wutar Mota, Panteka
A'a, kada ka sa asid, kuma ban da ruwan famfo ko na rijiya. Tataccen ruwan batir za ka zuba, ya rufe ƙarfen kawai. Ka bar shi a rana kwana biyu ba firiza, ka sake aunawa da asuba. In ya kai 12.6 ya zauna, da sauransa. In bai wuce 12.3 ba, ka kai a gwada ruwan kowane gida da abin awo, wataƙila ɗaya ya mutu.