Shawarwarin da aka tattara kan sanin ɗan takara da gane son zuciyar kafafen labarai

A tattaunawar da aka yi kan yadda za a san ɗan takara a kuma gane son zuciyar kafafen labarai, an daɗe ana ja-in-ja, amma shawarar da kowa ya yarda da ita ita ce kada mutum ya dogara da kafa ɗaya. Ka karanta labari guda a jaridu biyu masu saɓanin ra'ayi, ka lura da kalmomin da suka zaɓa. Wannan ta ce "an ƙara haraji", waccan ta ce "an gyara tsarin haraji". Abu ɗaya ne ya faru, amma kanun labarin ya riga ya ja ka gefe tun ba ka shiga ciki ba.

Wata malama ta ce a riƙa tambayar wa ya mallaki gidan jaridar, kuma su wa ke ba shi talla. Ni a ganina wannan ta fi kowace nauyi.

An kuma ja kunne kan Facebook da WhatsApp: tsohon bidiyo yakan dawo da sabon bayani gab da zaɓe, don haka a duba ranarsa kafin a tura.

Batun ɗan takara kuwa, a bar alƙawari a duba aikin da ya taɓa yi, sannan a bincika ko abin da yake cewa zai yi yana cikin hurumin kujerar da yake nema.