Neman Kalma: Sunan Hausa na "Postdoctoral Fellowship" a Ilimin Falaki

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa masu fassara. Tambayar da ke gabanmu ita ce yadda za a faɗi "postdoctoral fellowship" da Hausa, musamman a labaran ilimin falaki, inda sau da yawa matashin masanin da aka ambata a kan wani sabon bincike yake riƙe da irin wannan matsayi. Na zaɓi "ilimin falaki" a kan "ilimin taurari" da gangan, domin na biyun yakan karkatar da hankalin mai karatu zuwa ga masu duba, amma wannan muhawara ce ta wata rana.

Ba za a raɗa wa abu suna ba sai an san kamanninsa. Wanda ya kammala digirin digirgir a wannan fanni ba kasafai yake samun kujerar dindindin a jami'a nan take ba, sai dai ya yi aiki na wa'adi, shekara biyu ko uku a wuri guda, kuma da yawa sukan sake neman wani a wata ƙasa kafin su zauna da gindinsu. Aikin nan iri biyu ne, kuma a nan ne fassararmu take yawan tuntuɓe. A iri na farko, farfesa ne ya samo kuɗin bincike, ya ɗauki matashin domin ya taya shi aikin da aka riga aka tsara. A iri na biyu kuwa, matashin ne yake rubuta tsarin binciken da yake so ya yi, ya shiga gasa da takwarorinsa, idan ya yi nasara a ba shi albashi da kuɗin aiki da sunansa. Wannan na biyun shi ne abin da muke nema wa suna.

Misali mafi shahara shi ne shirin hukumar NASA mai sunan Hubble, wanda aka fara a 1990, shekarar da aka harba na'urar hangen nesa mai wannan suna zuwa sararin samaniya. Daga baya an haɗe shi da wasu shirye-shirye biyu masu sunan Einstein da Sagan, rukunin farko na haɗaɗɗen shirin ya fito a 2018, kuma cibiyar da ke gudanar da ayyukan kimiyya na na'urar Hubble a Baltimore ce take kula da shi. Ana ɗaukar kimanin mutum 24 a shekara, wa'adin yana kaiwa shekara uku, kuma wanda aka zaɓa shi ne yake nuna jami'a ko cibiyar da yake so ya zauna a cikin Amurka. An raba su bisa tambayoyi uku: masu sunan Einstein suna binciken yadda sararin samaniya yake aiki, masu sunan Hubble suna bin diddigin yadda aka kai ga halin da ake ciki yanzu, masu sunan Sagan kuma suna kan tambayar ko mu kaɗai ne masu rai. Duk kalmar da za mu tsayar dole ta iya ɗaukar wannan mutum.

Wasu daga cikinmu sun kawo "tallafin karatu", kuma ita ce aka fi gani a rubuce. Ina ganin ba ta dace ba ko kaɗan. Mai tallafin karatu ɗalibi ne, yana da malamin da ke duba shi, yana da jarrabawa a gabansa, kuma zai fita da takardar shaida. Mutumin da muke magana a kansa ya wuce duk wannan, albashi yake karɓa, yana wallafa sakamakon bincikensa a mujallun kimiyya, wani lokaci ma shi yake taya ɗalibai nasu aikin. Idan muka rubuta cewa wata masaniya ta sami tallafin karatu na Hubble, mai karatu zai ɗauka makaranta za ta koma, mun rage mata daraja ke nan ba tare da mun yi niyya ba. Wannan dalilin ne ya kayar da "digiri na huɗu", domin ba a ba da wani digiri a ƙarshen wa'adin. "Horo" ma ta gaza, ko da yake akwai gogewa a cikin lamarin, saboda tana nuna akwai mai horarwa. "Zumunci" kuwa fassarar ƙamus ce kawai ta kalmar "fellowship", ba ta da alaƙa da batun.

An kuma ba da shawarar a ari kalmar yadda take, a rubuta "fosdok", wato "postdoc", gajeren "postdoctoral", tunda haka malaman jami'a suke faɗa a tsakaninsu. Ba na ƙin aro, da shi muka sami digiri da farfesa da kwamfuta. Amma aro yana zama ne idan jama'a sun san abin kafin su ji sunansa, ko suna ganinsa yau da kullum, alhali mai sauraron labarai da bai taɓa shiga sashen kimiyya na jami'a ba ba zai tsinci komai daga "fosdok" ba. Ƙari a kan haka, kalmar ta haɗa irin aikin nan guda biyu a wuri ɗaya, ta ɓoye bambancin da muke ƙoƙarin fitarwa.

Shawarata ita ce mu gina sunan a kan "gurbi". Mun riga mun saba da gurbin karatu da guraben aiki, don haka "gurbin bincike" ba zai yi wa kunne baƙunta ba. Kalmar tana ɗauke da abubuwa uku da muke bukata: wuri ne mai iyaka da ake takara a kansa, mutum ɗaya yake shiga, kuma idan lokacinsa ya cika yakan tashi wani ya maye. Kamar gurbin kaza ne, ana kwanci a cikinsa har a ƙyanƙyashe, ba a mai da shi gida. Saboda haka cikakken sunan zai zama "gurbin bincike na bayan digirgir", wanda ya game iri biyun nan. Idan ana son a ware na biyun sai a ce "gurbin bincike na cin gashin kai", na farkon kuma "gurbin bincike a ƙarƙashin farfesa". Na san sunan yana da tsawo, amma sau ɗaya za a faɗe shi a farkon labari, daga nan "gurbin" kaɗai ya wadatar.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne yadda kalmar take haɗuwa da sunayen shirye-shiryen ba tare da tilas ba. Sai mu ce gurbin Hubble, mai gurbin Hubble, masu gurbin Sagan, kuma "mai" ta ɗauke mana wahalar bambanta namiji da mace. Akwai shirin da gidauniyar Heising-Simons take ɗaukar nauyinsa mai suna 51 Pegasi b, sunan duniyar da Michel Mayor da Didier Queloz suka gano tana kewaya wani tauraro mai kama da rana a 1995, aikin da ya kai su ga kyautar Nobel a 2019. "Ta sami gurbin 51 Pegasi b na shekara uku" jimla ce da kowa zai gane. Haka ma za a iya rubuta cewa gurbin Marie Skłodowska-Curie na Tarayyar Turai yana da sharaɗin ƙaura, wato mai nema kada ya kasance ya zauna a ƙasar da zai je fiye da wata 12 cikin wata 36 da suka gabaci rufe karɓar takardu. Ko kuma cewa ƙungiyar masana falaki ta Amurka ta nemi kada a tilasta wa kowa amsa tayin gurbi kafin 15 ga Fabrairu, domin ya sami damar jin sakamakon sauran wuraren da ya nema.

Akwai ƙorafi guda da na ɗauka da muhimmanci, wato cewa "cin gashin kai" ta yi ƙarfi. Cibiyar binciken falaki ta ƙasashen Turai mai suna ESO, wadda aka kafa a 1962, tana ba da gurabe a hedikwatarta da ke Garching a Jamus da kuma a Chile, kuma masu riƙe da su ba binciken kansu kaɗai suke yi ba. Wanda aka tura tashar hangen taurari ta Paranal a hamadar Atacama ta Chile yana da darare masu yawa a shekara da zai kwana yana sarrafa manyan na'urorin hangen nesa domin ayyukan wasu masana, na Garching ma yana ba da wani kaso na lokacinsa ga hidimar cibiyar. Gaskiya ne, 'yancin nasu bai cika ba. Duk da haka, a sauran lokacin da ya rage musu babu mai zaɓar musu abin da za su bincika, kuma wannan ne ma'aunin da ya raba su da mai taya farfesa aikinsa. A irin wannan hali mai fassara yana iya ƙara "mai haɗe da hidima", ko ya tsaya a "gurbin ESO" ya bayyana sharaɗin a jimla ta gaba.

Sai a kiyaye da wani tarko. Kalmar "fellow", wadda ake kiran mai gurbi da ita a Turanci, tana da wata ma'ana dabam a ƙungiyoyin masana, irin su ƙungiyar masana falaki ta Birtaniya da aka kafa a 1820, inda haka ake kiran membobinta. Wannan ba shi da albashi, ba shi da wa'adin shekara uku, ba shi da alaƙa da sabon kammala digirgir, don haka "gurbi" ba ta shiga nan, "memba" ko "zaɓaɓɓen memba" ita ce daidai, gwargwadon yadda ƙungiyar take karɓar mutanenta.